Kama Da Wane Ba Ta Wane: Jirgin Ɗaki Da Jirgin Sama

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lakwaja, da ya wuce Gwagwalada kaɗan, kafin ya shiga Kwali, zai ratsa ta garin Sheda. Garin ba shi da girma, amma Gwamnatin Tarayya ta tara masa gidajen ilmi waɗanda manyan birane da yawa ba su da irinsu. A nan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, a nan hedkwatar majalisar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan take, a nan kuma aka kafa Cibiyar Kimiyya da Fasaha a shekarar 1993. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe kuwa ba shi da nisa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami samarin wannan yanki cikin waɗanda wani sabon wasa ya kama, watau tuƙin jirgin sama a kan kwamfuta ko wayar hannu, mutum yana zaune a ɗakinsa.

Wasan kansa ba shi da laifi. Abin da ya sa ya kamata a tsaya a kansa shi ne gardamar da ya haifar a majalisun samari. Wasu suna cewa wanda ya iya tayar da jirgi a kwamfuta ya kuma saukar da shi lafiya, to ya gama koyo, lasisi kaɗai ya rage masa, har ma in direban jirgi ya suma a sama shi zai ceci jama'a. Wasu kuwa, musamman iyaye, suna ganin abin dokin kara ne, ɓata lokaci da ƙona man janareta. Gardamar ba ƙarama ba ce, domin a bayanta akwai uban da zai sayar da gona ya kai ɗansa makarantar tuƙi, akwai kuma rayukan fasinjojin da wata rana za su zauna a bayan yaron nan. Tambayar ita ce: ina ne na'urar take faɗin gaskiya game da yadda jirgi ke ɗaukar umurni, ina ne kuma take yin shiru?

ASALIN ABIN

Tun ba yau ba ɗan Adam ya gane cewa koyon tuƙi a sararin sama yana da tsada, kuma kuskure ɗaya yakan ci rai. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙera piyano da kayan kiɗa masu aiki da iska, ya ƙera wani akwati mai kujera ɗaya da 'yan fukafukai, ya ɗora shi bisa zuga-zugai irin na kayan kiɗan nan. In mai koyo ya ja sanda, sai zuga-zugan su kumbura ko su sace, akwatin ya ɗaga kai ko ya karkata. Da fari masu wuraren wasa ne suka fi sayensa. Sai a 1934, bayan da matuƙan soja da dama suka halaka wajen jigilar wasiƙu cikin duhu da gajimare, sojan Amurka suka sayi guda shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, matuƙa fiye da rabin miliyan sun bi ta cikin irin akwatin nan.

Akwai abin lura a nan. Akwatin Link yana da murfi, ana rufe mai koyo a ciki ba ya ganin komai sai agogunan jirgi. Babban aikinsa shi ne ya koya wa mutum karanta agogo da yarda da shi. Ba wanda ya taɓa cewa wanda ya fito daga akwatin ya san yadda jirgi yake a hannu.

Na gida kuwa sun zo ne da zuwan ƙaramar kwamfuta. Kamfanin Microsoft ya fitar da nasa, Flight Simulator, a 1982, sa'ad da ƙasa da sama ba su wuce 'yan layuka a kan allo ba. A fitowar 2020 abin ya kai an zana duniya duka daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana kuma ɗauko labarin iska da gajimare na ranar ta intanet. Yaro zai iya tashi daga Abuja, ya ga Dutsen Zuma ta taga, ya bi hanya har Kano. Wani kuma mai suna X-Plane, wanda ya fito a 1995, yakan yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi, ya auna ƙarfin iska a kan kowace gunduwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, sa'an nan ya haɗa ya ga inda jirgin zai nufa. Lissafi ne zalla, irin wanda malaman cibiyar Sheda za su gane da kallo ɗaya.

INDA TAKE FAƊIN GASKIYA

Tilas a ba na'urar haƙƙinta. Duk abin da lissafi zai iya kamawa, ta kama shi ƙwarai. Ga misali: iska mai zafi ta fi mai sanyi shaƙaf, haka kuma iskar tudu ta fi ta kwari, kuma fiffike da inji duka suna rage ƙarfi a cikin iska shaƙaf. Yaro zai iya ɗora jirginsa a titin filin Malam Aminu Kano, ya sa zafin watan Afrilu na digiri 40, ya cika shi da kaya da mai, ya ga da idonsa yadda titi ke neman ƙarewa jirgi bai tashi ba. Ya sāke gwadawa da sanyin asubar Janairu, ya ga bambanci. Ya kai shi Jos, inda fili ke bisa tsauni fiye da mita 1,200, ya sāke ganin wani. Wannan darasi ne na gaskiya, kuma ya same shi ba tare da ya ƙona ko lita ɗaya ta man jirgi ba.

Haka kuma na'urar tana koyar da tsarin ɗakin tuƙi: wane maɓalli ne na me, wanne ake fara taɓawa, yadda ake bin takardar bincike layi-layi kafin a tayar da inji, yadda ake karanta taswirar sama, da irin Turancin da ake yi da hasumiyar fili. Ɗalibin da ya isa makaranta da waɗannan a kansa ya rage wa malaminsa aiki, ya kuma rage wa ubansa kuɗi, domin kowace sa'a a sama biyanta ake yi. Iyayen da ke kiran abin dokin kara ba su yi masa adalci ba.

INDA TAKE YIN SHIRU

Amma tuƙi ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Mutanen Kwali sun fi kowa sanin wannan. Marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a yatsu take jin ko yumɓu ya sha ruwa ko bai sha ba, kuma da mutum zai shekara yana kallon hotonta tana gini, ba zai fitar da tulu ɗaya ba. Jirgin sama ma yana magana da direbansa ta hannu da ƙafa da ido da dukan jiki, kuma a wurare huɗun nan ne na'urar gida take raguwa.

Na farko, hannu. Sandar tuƙi ta gida sifirin ne a gindinta, ƙarfinsa ɗaya ne ko jirgi yana tsaye ko yana gudu. A ƙaramin jirgi na gaskiya kuwa iska ce take ture hannun direba, kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin iskar yakan ninka huɗu. Saboda haka direba yakan san gudun jirginsa daga nauyin sitiyari kafin ya dubi agogo. In jirgi ya rage gudu ya kusa haɗari, sai sitiyari ya yi laƙwas a hannu, kamar linzamin dokin da ya gaji. Wannan gargaɗi ne, kuma mai sifirin ba ya taɓa jinsa. Akwai kuma wani kewayayyen mariƙi da ake murɗawa domin a daidaita wutsiya har nauyin da ke hannu ya tafi. A sama, da hannu ake jin an daidaita. A ɗaki, sai dai a danna maɓalli ana kallon allo ana cinta.

Na biyu, ƙafa. Jirgi yana da matakai biyu a ƙasa waɗanda ke juya akalar wutsiya. Jirgi mai farfela ɗaya, da an ba shi totur zai tashi, yakan nemi kaucewa gefe, galibi hagu, tilas direba ya taka dama. In iska tana bugowa daga gefen titi wajen sauka, ƙafa da hannu sukan yi aiki saɓanin juna. Yawancin masu wasan gida ba su da matakan nan, sun bar wa kwamfuta ta taka musu. Irinsu sukan isa makaranta da ƙafafu masu barci.

Na uku, ido. Sa'ad da jirgi ya rage 'yan ƙafafu ya taɓa ƙasa, direba yana auna tsawon da ya rage da gefen idonsa, yana kallon can ƙarshen titi. Allo ba shi da gefe. Shi ya sa mai wasan gida yakan saba da zuba wa agogo ido, kuma wannan ita ce ƙorafin da malaman tuƙi suka daɗe suna yi a kan irin waɗannan ɗalibai: kansu a sunkuye, alhali ƙaramin jirgi da rana ta taga ake tuƙa shi, ana daidaita hancinsa da inda sama ta haɗu da ƙasa, ana kuma duba ko wani jirgin na tafe.

Na huɗu, jiki, kuma shi ne babba. Hausawa sun ce jiki magayi, amma a sama jiki yakan gaya wa mai shi ƙarya. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu masu ruwa waɗanda ke gaya masa ko ya karkata. In jirgi ya shiga kwana a hankali ya daɗe a ciki kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan kwanta, sai mutum ya ji kamar a miƙe yake tafiya. In ya miƙar da jirgin kuma, sai ya ji kamar ya karkata ɗaya ɓangaren, ya mai da shi cikin kwanar da ya fito. Muddin ido yana ganin ƙasa, ido zai gyara. In hazo ko gajimare ya rufe, sai a bar mutum da kunnensa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje a cikin jirgi na gaskiya. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka yi kafin haka daƙiƙa 178 ne, watau ko minti uku bai cika ba.

Mutumin Arewa ba ya bukatar a yi masa bayanin hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauko har a soke tashin jirage a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Cikin irin wannan yanayi ne jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano ran 22 ga Janairu 1973, mutum 176 suka rasu. Na'urar gida tana iya zana hazo har ya fi na gaskiya kyau. Amma mai wasa yana zaune a kujerar da ba ta motsi, kunnensa bai taɓa yi masa gardama da agogo ba. Yarda da agogo ba wuya gare shi, domin ba abin da ke ce masa kada ya yarda. Ranar da jikinsa duka zai rantse masa cewa jirgi a miƙe yake, allura kuwa ta ce a karkace yake, ranar ce zai san ko ya koya.

Haka kuma nauyi. In jirgi ya kwanta digiri 60 cikin kwana ba tare da ya sauko ba, nauyin mutum yakan ninka biyu, hannu ya yi nauyi, kumatu su zazzago. Ga ƙarar inji, ga zafi, ga tashin zuciya, ga tsoro. Wanda ya fāɗi a kwamfuta yakan yi dariya ya danna maɓalli ya sāke farawa. A sama babu wannan maɓalli, kuma rashinsa yana canja yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

DARASIN TUNGAR MADAKI

Mai karatu zai ce ai wannan na'urar talaka ce, ta kamfanonin jirage fa? Lalle tasu daban ce. Ɗakin tuƙi ne sukutum, an kwaikwayo shi daga samfurin jirgi guda, an ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe shida masu miƙewa da tsukewa. In ana so direba ya ji jirgi ya zabura, sai a kwantar da ɗakin baya a hankali, nauyinsa ya danna shi a kujera, idonsa kuwa yana ganin titi a miƙe. Sitiyarin yana da nauyi irin na gaskiya. Kuɗin guda ɗaya yakan wuce dala miliyan goma. Mafi daraja a cikinsu an yarda da ita har ƙwararren direba yana iya koyon sabon samfuri gaba ɗaya a ciki, ranar da zai fara riƙe na gaskiya da fasinjoji a bayansa, malami yana gefensa. To, ko wannan ma, in ta kauce wa gaskiya kaɗan, rayuka ne suke biya. Shaidar haka tana nan kusa da Sheda.

Ran Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 737-200 ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato da mutum 105. Hadari ya haɗo, iska tana canjawa, hasumiya ta sanar. Jim kaɗan da tashi ya fāɗi a gonakin Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da jirgin ya haɗu da shi wata irin iska ce da ke sauyawa farat ɗaya a gindin hadari. Gajimare yakan zubo iska ƙasa kamar an kifar da tulu, in ta bugi ƙasa sai ta watsu kowane gefe. Jirgin da ya ratsa ta yakan fara cin karo da ita ta gaba, gudunsa a agogo ya ƙaru, sa'an nan ta danno shi ta sama, sa'an nan ta koma bayansa, gudun ya zube nan take. Akwai tsarin kuɓuta sananne: a ba inji wuta duka, a ɗaga hanci zuwa wani gwargwado, kada a wuce shi. Dalili kuwa, fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin gadon bayansa a kwance. In aka ɗaga goshinsa ya wuce kimanin digiri 15 ko 16 daga inda iska ke fitowa, sai iskar ta sake shi ta hargitse, jirgi ya yi ƙasa kome ƙarfin injinsa. Wanda ya ga ƙasa tana tasowa, zuciyarsa za ta ce masa ya ƙara ja. Horo ne kaɗai zai hana hannunsa.

Hukumar binciken haɗarin jirage ta ƙasa ta ɗora alhakin abin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka sani, da kuma rashin bin tsarin kuɓutar nan yadda ya kamata. Cikin abubuwan da ta ce sun taimaka kuwa, ta ambaci cewa na'urar da aka yi amfani da ita wajen maimaita horon irin wannan iska ba ita ce ta dace ba. Watau an yi horo, an cika takarda, amma abin da aka gwada a ƙasa bai yi daidai da jirgin da aka riƙe a sama ba. Kama da wane ba ta wane.

Ba ƙasar nan kaɗai abin ya taɓa ba. Ran 12 ga Nuwamba 2001 jirgin American Airlines samfurin Airbus A300 ya tashi daga New York, ya shiga hargitsattsiyar iskar da wani babban jirgi ya bari a gabansa. Mataimakin direba ya riƙa taka akalar wutsiya dama da hagu da ƙarfi har wutsiyar ta karye, mutum 265 suka halaka. Masu bincike sun gano cewa wani darasi da kamfanin ke bayarwa a na'ura yana nuna irin wannan iska tana kifar da jirgi fiye da yadda take yi a gaskiya, yana kuma nuna kamar sai da ƙarfi jirgin ke amsawa. Na'urar ta koya masa, amma ba daidai ba. Haka kuma bayan da jirgin Habasha samfurin 737 MAX ya fāɗi ran 10 ga Maris 2019 da mutum 157, ciki har da 'yan Nijeriya, kamfanin Boeing ya amsa a watan Mayu na shekarar cewa na'urorin koyon samfurin ba sa nuna ainihin nauyin da direba zai ji in yana murɗa mariƙin daidaita wutsiya da hannu, ya ce ya gyara.

Bugu da ƙari, akwai iyakar da lissafi kansa ba ya wucewa sai an ciyar da shi. Na'ura ba ta sanin halin jirgi sai abin da matuƙan gwaji suka auno mata a sama, kuma ba a cika kai manyan jirage can cikin halin da iska ta saki fiffike ba. Bayan haɗura biyu na 2009, ɗaya a Amurka, ɗaya kuma na jirgin Faransa da ya fāɗa Tekun Atalantika da mutum 228, hukumar Amurka ta tilasta a inganta na'urori ta wannan fuska, kuma daga Maris 2019 ya zama dole matuƙan kamfanoni su yi horon a ciki. In na'urar dala miliyan goma sai da aka yi mata wannan gyara, mai karatu ya auna ta ɗaki da kansa.

TO, INA MAFITA?

Hukumomin jirage sun riga sun yanke wa gardamar hukunci da alƙaluma. Ƙa'idar duniya ita ce sa'a 40 a ƙalla kafin a ba mutum lasisin farko na tuƙa ƙaramin jirgi. A Amurka, inda aka fi kowa amfani da na'urorin nan, sa'a biyu da rabi kacal cikin arba'in ɗin aka yarda a yi a ƙaramar na'ura, ita ma sai wadda hukuma ta duba ta amince, kuma da malami a tsaye. Amma wajen neman shaidar tuƙi da agogo, an yarda da sa'a 10 zuwa 20, gwargwadon darajar na'urar. Wanda ya dubi wannan rabo zai ga hukuncin a fili: ga agogo da tsari na'ura malama ce, ga hannu da jiki kuwa sai sama. Sa'o'in da mutum ya yi shi kaɗai a ɗakinsa, ko sun kai dubu, ba a rubuta ko ɗaya a littafinsa.

Saboda haka saurayin da abin ya shiga ransa ya ci gaba da wasansa, amma ya yi shi kamar karatu. Ya bar manyan jirage tukuna, ya riƙe ƙarami mai inji ɗaya, irin waɗanda ake fara koyo da su. Ya bi takardar bincike kowane tashi. In ya fāɗi, ya tsaya ya nemi dalili kafin ya sāke. Ya dage da lissafi da kimiyya da Turanci a makaranta, ya kula da lafiyar idonsa da kunnensa, domin likita ne ƙofar farko. Ranar da Allah Ya kai shi gaban malami kuwa, ya ajiye taƙama a bakin ƙofa, ya gaya masa gaskiya cewa ya yi wasan gida, domin malamin ya san irin ɗabi'un da zai kankare. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma kankare ɗabi'ar da hannu ya saba ya fi koya wa sabon hannu wuya.

Makaranta kuwa tana nan. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, shekara 39 bayan jiragen sojan Ingila uku sun iso Kano daga Masar a Nuwamba 1925. Ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da hasumiya daga ƙasashen Afirka da dama. A can ne Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama direbar jirgin kasuwanci a Nijeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. Akwai kuma wata a Ilori. Iyaye su sani cewa ƙwarewar yaro a kwamfuta alama ce ta sha'awa da naci, kuma waɗannan ba abin rainawa ba ne, amma ba shaida ba ce cewa jikinsa zai ɗauki sama. Kafin a sayar da gona, ya kamata a kai shi likitan jirage ya duba shi, a kuma nemi ya hau ƙaramin jirgi da malami ko da sau ɗaya ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwamnati da kamfanoni kuma nasu nauyin ya fi. Direban jirgin fasinja yana komawa na'ura a jarraba shi kamar kowane wata shida, kuma shekara da shekaru kamfanonin ƙasar nan suna kwasar matuƙansu zuwa ƙasashen waje suna biya da kuɗin waje. Inda horo ya yi tsada da nisa, nan ne ake jarabtuwa a karɓi na'urar da ta samu maimakon wadda ta dace. Makarantar Zariya ta sayo na'urar Boeing 737 domin rage wannan wahala, kuma mataki ne mai kyau. Amma saye ɗaya ne, riƙo daban: tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da injiniyoyi, da sabunta lissafinta duk sa'ad da aka sabunta jirgin, da kuma sufetocin da ba za su sa hannu a takarda ba sai sun tabbata na'urar da jirgin abu ɗaya ne.

Masu tsara manhaja su ma suna da rabo. Darasin iska da nauyi da gudu, wanda yara ke haddacewa a allo ba su gane ba, kwamfuta ɗaya a makarantar sakandare za ta nuna musu shi cikin rabin sa'a. Malamin da zai nuna musu kuwa ya haɗa da faɗa musu iyakarta, domin wanda ya san inda kayan aikinsa ke yin shiru shi ne ya san amfaninsu. Allah Ya ba yaran ƙasar nan ilmi mai amfani, Ya kiyaye matafiya na sama da na ƙasa, amin.